Darasi na 14: Yadda Ake Gane Nauyin Atisaye a Kan Keken Motsa Jiki

Mai tuƙa keke a hanya ba ya buƙatar a faɗa masa ko aiki ya yi nauyi. Tudu zai faɗa masa, iskar da ke bugun ƙirjinsa za ta faɗa masa, nisan da ya ci ma shaida ne. Keken motsa jiki kuwa, wanda ake girkawa a ɗaki ko a gidan motsa jiki, ba ya zuwa ko'ina. Babu tudu, babu gangara, sai feda da sirdi da maɓallin da ake murɗawa don ƙara nauyi ko rage shi. Mutum biyu za su iya hawa kekuna biyu na minti talatin, ɗaya ya sauka kamar bai yi komai ba, ɗaya ya sauka ƙafafunsa na rawa, kuma kowannensu ya ce ya yi keke na rabin awa.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Kun ga ke nan minti ɗaya na mai tsanani yana tsaye a madadin minti biyu na matsakaici. Wanda bai san a wane mataki yake ba, ba zai san ko ya cika mudun makonsa ba, kuma mai hawan jini ko ciwon sukari da likita ya ce ya riƙa motsa jiki a hankali yana iya wuce gona da iri bai sani ba.

Ma'auni uku ake amfani da su: yadda jiki ke ji, bugun zuciya, da ƙarfin da ƙafa ke zubawa a feda, wanda ake ƙirgawa da wat. A ƙarshen darasin ana so ku iya aiki da kowannensu, ku kuma san abin yi idan suka saɓa wa juna, domin suna saɓawa sau da yawa.

Jiki magayi

Za mu fara da ma'aunin da ba a saye da kuɗi. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Borg, ya lura tun cikin shekarun 1960 cewa idan aka tambayi mai aikin ƙarfi yadda yake ji, amsarsa tana tafiya kusa da abin da na'ura ke nunawa. Sai ya tsara ma'auni daga 6 zuwa 20. Lamba 6 ita ce zama babu aiki, 9 aiki mai sauƙi ƙwarai, 11 mai sauƙi, 13 ya ɗan yi nauyi, 15 mai nauyi, 17 mai nauyi ƙwarai, 20 kuma iyakar abin da mutum zai iya. Ɗalibai sukan tambayi dalilin farawa daga 6 maimakon 1. Borg ya yi haka ne don idan aka ninka lambar sau goma ta yi kusa da bugun zuciyar matashi mai lafiya: 6 ta zama 60 na mai hutawa, 20 ta zama 200 na wanda ya ƙure ƙarfinsa. Daga baya ya fitar da wani ma'aunin daga 0 zuwa 10, kuma shi ne ya fi sauƙin riƙewa a ka. A kan ma'aunin 6 zuwa 20, matsakaicin aiki yana wajen 12 da 13, mai tsanani kuma daga 14 zuwa 17.

Wanda lambobi ke rikita shi, ya yi amfani da bakinsa. Ku gwada magana alhali kuna kan keke. Idan za ku iya hira da na kusa da ku, jimla bayan jimla, amma ba za ku iya rera waƙa ba, kuna matsakaicin mataki. Idan kalma uku ko huɗu kawai ke fita sai kun tsaya kun ja numfashi, kun shiga mai tsanani. Idan magana ta gagara gaba ɗaya, sai haki, kun kai matakin da ba a daɗewa a kansa. Wannan gwaji yana da tushe a cikin jiki. Idan aiki ya ƙaru, tsoka tana fitar da iskar da dole huhu ya kora waje, numfashi ya yi sauri, magana kuma tana buƙatar a riƙe numfashi a sake shi sannu a hankali. Daidai lokacin da hira ta fara yankewa, jiki ya tsallake wata iyaka ta gaske da masana ke iya aunawa a ɗakin bincike.

Wasu suna raina wannan ma'auni don ba shi da allo, ba shi da batir. Ni a ganina shi ne ya kamata kowane mai koyo ya fara ƙwarewa a kai, saboda shi kaɗai ne ke haɗa komai wuri guda: barcin da ba a samu ba daren jiya, zafin ɗaki, damuwar gida, ƙafar da ta kwana da gajiya. Rauninsa shi ne mutum yana iya yaudarar kansa. Sabon shiga yakan ji kowane ɗan gumi kamar 17, domin jikinsa bai saba ba. Wanda yake cikin aji, ana kiɗa, malami na ɗaga murya, na gefe na juya feda da ƙarfi, shi kuma yakan ce 13 alhali yana 16, don kada a gan shi a baya. Irin wannan aji na keke cikin rukuni ya samo asali ne daga Kalifoniya ta Amurka a ƙarshen shekarun 1980, a hannun wani ɗan tseren keke haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Johnny Goldberg, kuma daɗinsa yana cikin wannan zuga da jama'a ke yi wa juna. Zugar tana da amfani, sai dai takan toshe kunnen mutum daga jin jikinsa.

Bugun zuciya

Zuciya tana ƙara sauri ne don ta kai jini da iskar shaƙa ga tsokar da ke aiki, saboda haka yawan bugunta a minti yana nuna irin kuɗin da jiki ke biya. Ana iya ƙirga shi da yatsa biyu a jijiyar wuyan hannu, gefen babban yatsa: a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau 4. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ne ya fitar da na'urar auna bugun zuciya marar waya ta farko a 1982, ɗamara a ƙirji da agogo a hannu. Yau agogon hannu da yawa suna aunawa da ɗan haske a bayan agogon. Ɗamarar ƙirji ta fi su daidai, musamman idan hannu ya jiƙe da gumi ko an damƙe kan keke da ƙarfi. Ƙarafunan da ake kamawa a hannun wasu kekuna su ne mafi rauni duka.

Lambar bugun ita kaɗai ba ta cewa komai sai an san iyakar mai ita. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a cire shekarun mutum daga 220. Ɗan shekara 50 ke nan iyakarsa 170. Wannan lissafi ya fito ne daga wani rubutun likitoci a Amurka a farkon shekarun 1970, kuma kintace ne na tsaka-tsaki. A 2001 Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa a Jami'ar Kolorado suka tattara sakamakon mutum sama da 18,000, suka ba da wani lissafin: a ninka shekaru da 0.7, a cire daga 208. A shekara 40 lissafin biyu duk suna ba da 180. A shekara 60 na farko yana ba da 160, na Tanaka 166. To amma ku riƙe wannan da kyau: ko da wanne aka yi, mutum na gaske yana iya saɓa wa lissafin da bugu 10 zuwa 12 sama ko ƙasa, wasu ma fiye. 'Yan shekara 50 guda biyu, ɗaya iyakarsa 158, ɗaya 182, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau.

Akwai wata hanya da ta fi la'akari da mutum, wadda ake danganta ta da likita Martti Karvonen na Finlan, tun 1957. Ita tana shigar da bugun hutu cikin lissafi. Ku ƙirga bugunku da safe kafin ku tashi daga shimfiɗa, kwana uku a jere, ku ɗauki na tsakiya. A ce mai shekara 50 ya samu 70. Tsakanin 70 da 170 akwai tazarar bugu 100. Matsakaicin aiki shi ne kashi 40 zuwa 59 cikin 100 na wannan tazara, a ɗora kan bugun hutu, wato 110 zuwa 129. Mai tsanani kashi 60 zuwa 89, wato 130 zuwa 159.

Abu na farko da ke ruɗar masu koyo shi ne jinkirin zuciya. Idan kun murɗa maɓalli kun ƙara nauyi yanzu, ƙafa za ta ji nan take, amma bugun zai ɗauki minti ɗaya zuwa uku kafin ya hau ya zauna. Saboda haka a ɗan gajeren aikin ƙarfi na daƙiƙa 30, agogo ba shi da abin faɗa muku. Kafin ya farga kun gama. Wanda ya dage sai ya ga lamba ta hau, zai ƙone ƙarfinsa a banza.

Abu na biyu ya fi shafar mu, kuma zan ɗan tsaya a kansa. Jikin ɗan Adam ba ya juya duk abincin da ya ƙona zuwa aiki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa feda, sauran ukun zafi ne. Mai zuba wat 150 a feda yana haifar da zafin wajen wat 450 a cikin jikinsa, kuma dole zafin nan ya fita. A hanya iska tana busar da gumi tana sanyaya fata. A ɗaki gumi yana tsiyaya ƙasa ne kawai, gumin da ya ɗiga ƙasa kuma bai sanyaya kowa ba. Sai jiki ya karkatar da jini zuwa fata don ya huce, ruwan jini ya ragu saboda gumi, abin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya yi ƙasa, ita kuma ta rama da ƙara sauri. Bayan minti 15 ko 20 za ku ga bugun yana ta hawa a hankali alhali ba ku taɓa maɓalli ba, ba ku ƙara saurin ƙafa ba. Wanda ya fara da 125 yana iya tsintar kansa a 140 kan aiki iri ɗaya.

A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin rana ke haura digiri 40, wannan hawan yana zuwa da wuri kuma da ƙarfi. Fanka a gaban keke ba kayan jin daɗi ba ne, ɓangare ne na kayan aiki. Idan an ɗauke wuta, a buɗe tagogi, a rage nauyi, a gajarta lokaci, ko a koma bayan asuba. Don sanin ruwan da kuka zubar, ku hau sikeli kafin hawa keke da bayan sauka: kowane kilo ɗaya da ya ɓace kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Mai azumi kuma ya sani cewa da la'asar ruwan jikinsa ya riga ya yi ƙasa, bugunsa zai fi na kullum a kan aiki guda. Ya bar mai nauyi sai bayan buɗa-baki, ciki ya lafa.

Sauran abubuwan da ke taɓa bugun ba su da wuyar ganewa: goro da gahawa da shayi mai kauri suna iya ɗaga shi, ƙarancin barci da fargaba ma haka. Zazzaɓi yana ɗaga shi sosai, kuma mai zazzaɓi ba shi da hurumin hawa keke sai ya warke. Amma ga wanda ya fi muhimmanci. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya, irin su atenolol da propranolol, aikinsu shi ne rage saurin zuciya. Mai shan su zai iya yin haki, gumi na zuba, agogo na nuna 105. Idan ya bi lissafin 220 ya ce sai ya kai 130, zai jefa kansa cikin hatsari yana neman lambar da maganinsa ya hana. Duk mai shan irin wannan magani ya ajiye lissafin shekaru, ya koma ga gwajin magana da ma'aunin Borg, kuma ya tambayi likitansa iyakar da zai tsaya.

Wat

Wat ɗin da aka rubuta a jikin ƙwan lantarki shi ne dai wat ɗin da allon keke ke nunawa: yawan aikin da ake yi a kowace daƙiƙa. A kan keke abu biyu ne ke haifar da shi, nauyin da ƙafa ke dannawa da yawan juyin feda a minti. Juyi 60 da nauyi mai yawa yana iya daidai da juyi 90 da nauyi kaɗan. Juyi 110 babu nauyi ko kaɗan, ƙafa na shawagi mutum na tsalle a sirdi, kusan ba aiki ba ne, duk da yana kama da aiki a ido. Yawancin mutane sun fi samun daidaito tsakanin juyi 70 da 90.

Wani injiniya Bajamushe, Ulrich Schoberer, shi ya ƙera na'urar auna wat ta keke a 1986, ƙarƙashin sunan SRM, kuma 'yan tsere ne suka fara amfani da ita. Abin da ya sa suka rungume ta shi ne ba ta jinkiri kuma ba ruwanta da zafi ko goro. Wat 120 yau shi ne wat 120 gobe. Da ita ake gane ci gaba ba tare da zato ba: idan a watan jiya wat 100 yana kai bugunku 135, wannan watan kuma 125, a ɗaki ɗaya da fanka ɗaya, jiki ya ƙaru.

Kamar bugun zuciya, wat ma sai an san iyakar mai shi. Hunter Allen da Andrew Coggan, a littafinsu na 2006 kan horo da na'urar wat, sun yaɗa abin da ake kira FTP, wato mafi girman wat da mutum zai iya riƙewa na kimanin awa guda. Tunda awa guda ta ƙure ƙarfi azaba ce, akan gwada minti 20 a ɗauki kashi 95 cikin 100 na matsakaicin abin da aka samu. Wanda ya riƙe wat 160 na minti 20, nasa 152 ne. Daga nan ake yanka matakai: kashi 56 zuwa 75 na juriya ne, wanda ake daɗewa a kai ana hira, wato wat 85 zuwa 114 ga wannan mutumin, kashi 91 zuwa 105 kuma bakin iyaka ne. Wannan gwaji na wanda ya shafe watanni yana hawa ne kuma lafiyarsa ba ta da matsala. Sabon shiga, da wanda ya manyanta, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, kada su taɓa shi ba da izinin likita ba.

Sannan kada ku ba allo gaskiya ɗari bisa ɗari. Kekuna da yawa na gidajen motsa jiki ba sa auna ƙarfin ƙafa kai tsaye, lissafi suke yi daga matsayin maɓalli da saurin feda, kuma idan keke ya tsufa ko birkinsa ya cinye, lissafin ya kauce. Kamar mudu ne, na wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. In da hali ku riƙa hawa keke ɗaya, ku gwada kanku da kanku na makon jiya. Gwada lambarku da ta maƙwabci ba shi da ma'ana, domin mai kilo 90 a bisa al'ada ya fi mai kilo 55 zuba wat ko da ƙwazonsu ɗaya.

Idan uku suka saɓa

Kowane ma'auni tambayarsa daban. Wat yana faɗin aikin da aka yi, bugun zuciya yana faɗin abin da aikin ya ci wa jiki, ji kuma yana faɗin halin da mutum yake ciki gaba ɗaya a ranar. Saɓaninsu labari ne, sai a karanta shi.

Idan wat na nan yadda ya saba amma bugu ya fi na kullum da 10, kuma aikin ya yi muku nauyi, ku duba zafi, ruwa, barci, ko wata rashin lafiya da ke tafe. Ku rage, ku bi jiki. Idan ƙafa ta yi nauyi, wat ya ƙi fita, bugun kuma ya ƙi hawa duk ƙoƙarinku, yawanci gajiya ce ta taru daga kwanakin baya, maganinta hutu. Idan komai ya yi sauƙi, bugu ƙasa, hira na gudana a kan wat ɗin da a da yake sa ku haki, lokacin ƙara nauyi kaɗan ya yi. Ciwon ƙirji kuwa, ko jiri, ko bugun da ya rikice, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an sassauta, waɗannan ba a lissafa su da kowace lamba. A sauka, a nemi asibiti.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da kowace rana ranar yaƙi. Mutum yana ganin in bai sauka a galabaice ba bai yi komai ba, sai ya yi mako biyu, gwiwa ta yi ciwo, ya jingine keke. Stephen Seiler, mai bincike a ƙasar Nowe, ya nuna cewa manyan 'yan wasan juriya kansu kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a mataki mai sauƙi suke yin sa. Mai neman lafiya da ke hawa sau huɗu a mako, uku su zama na hira, ɗaya ya ɗan taɓa mai tsanani, ya ishe shi.

Don lissafin mako akwai dabara mai sauƙi ta Carl Foster, masanin motsa jiki a Amurka. Bayan kamar rabin awa da sauka, ku ba duk atisayen maki daga 0 zuwa 10, ku ninka da mintunan da kuka yi. Minti 40 a kan 4 ya ba da 160, minti 20 a kan 8 shi ma 160. Ku tara na mako a littafi, kuma kada jimlar wani mako ta yi tsalle nesa da ta wanda ya gabace shi.

Aikin aji da na gida

1. Ku ƙirga bugun hutunku kwana uku da safe, ku rubuta.
2. Ku fitar da iyakar bugunku ta lissafin 220 da ta lissafin Tanaka. Nawa ne bambancin? Daga nan ku fitar da matsakaicin matakinku ta hanyar Karvonen.
3. Wata mata mai shekara 58 tana shan atenolol, tana son fara keke. Wane ma'auni za ku ba ta shawarar bi, kuma don me?
4. Wani ya riƙe wat 110 na minti 40 a rufaffen ɗaki da rana. Bugunsa ya tashi daga 128 zuwa 146. Ku bayyana abin da ya faru a jikinsa, ku faɗi abu biyu da zai gyara.
5. Ku yi aiki biyu-biyu. Ɗaya ya hau keke, ya ɗumama jiki na minti 5, sannan ya riƙa ƙara nauyi kaɗan duk bayan minti 3. A ƙarshen kowane mataki abokin aiki ya tambaye shi lambar Borg kafin ya kalli allo ko agogo, ya sa shi ya faɗi ranakun mako da murya, ya rubuta lambar da bugun da wat. Ku tsaya da zarar magana ta fara yankewa. Ku zo da takardar aji mai zuwa.